Ledar da Ya Manna wa Matarsa

Da 'yar fitilar ledar ta ɗauke, tsohon ya tako keke tun daga Gwiwa har asibiti yana faɗa.

Likitoci ne suka manna masa ita a ƙirji, na'ura mai lanƙwasuwa kamar ganye, don ta riƙa lura da zuciyarsa. Shi da ya ga bayan kwalara da saran maciji biyu, me zai yi da ita? Ya ɓare, ya manna wa matarsa mai jinya, a zatonsa magani ce.

A asibitin ya tare wata nas. "Yarinya, kayanku na banza ne! Tana ta barcinta abin ya lalace."

Nas ɗin ta sunkuyar da kai. "Baba, ba batir gare ta ba. Da ɗumin jikin mutum take aiki."