Layin Idris

Sau uku ke nan kwamfutar tana korar Bushira. Manhajar ajiye bayanan shago ta shiga lafiya lau, amma da ta zo buɗe asusun sai a ce mata wannan shago yana da mai shi.

Mai shi Idris ne, mijinta, mai maganin dabbobi a Tudun Wada. Kwana goma sha tara da suka wuce wani ya kira shi duba shanu a wajen Falgore. Babur ɗinsa kawai aka tsinta. Tun daga nan, duk bayan kwana uku sai saƙo ya shigo daga layinsa: yana raye, amma kada a gaya wa hukuma. Yau ma ranar saƙo ce.

Idris mutum ne mai rubuta komai. Ko akuya ya yi wa allura sai ya shigar a kwamfuta, balle sunan wanda ya kira shi daji. Tsohuwar kwamfutar ta mutu washegarin ɓatansa, wai ruwa ya shige ta, a shagon da bai taɓa yoyo ba. Amma bayanan suna can a intanet. Shi ya sa Bushira ta aro wata wurin ƙawarta.

Mainasara, yayan Idris, yana zaune a bakin ƙofa, janareta na ta ruri a bayansa. Shi ya tsaya musu tun ranar farko. Shi ke riƙe da makullin shago, shi ke lallashinta duk sanda ta ambaci 'yan sanda. Bawan Allah har ya rame.

"Bushira, ki rabu da abin nan. Addu'a ta fi."

"Yanzu zan gama, Yaya."

Ta gwada sunanta a matsayin kalmar sirri, aka ƙi. Ta gwada ranar haihuwar 'yarsu Hamdiyya, aka ƙi. Manhajar ta ce ta tura lambar sirri zuwa layin mai shago. Wayar kuwa tana hannun mutanen da suka ɗauke shi.

Janareta ya yi tari biyu ya mutu. Shagon ya yi tsit.

"Mai ya ƙare. Tashi mu rufe," in ji Mainasara.

Kwamfutar dai na da sauran caji. Saura zaɓi guda a ƙasan allon: a kira layin a faɗi lambar da baki. Ta san wauta ce. Tsoro ya kama ta, kada kiran ya fusata su su huce a kan mijinta. Amma kwana goma sha tara ba wasa ba ne. Ta runtse ido ta danna.

Sai ga muryar Hamdiyya tana karanta Fatiha da tsamin bakinta, wadda Idris ya ɗauka ya mayar ƙarar wayarsa. Daga aljihun Mainasara take fitowa.