Mita Ɗari Huɗu a Bakin Tur'a

Kwana goma sha tara ke nan Ustaz Abdussalami bai zauna ya shanye kofin shayi ba. Tsohon malamin kimiyya ne a wani ƙauye kusa da Kamlin, a ƙasar Sudan. Bayan ya ajiye aiki ya haɗa mota mai tafiya da batir, da gangar jikin tsohuwar raksha, wato babur mai ƙafa uku, da injin famfon da ya aro wurin ƙungiyar manoma. Sharaɗin aron ɗaya ne: ranar Juma'a zai yi tsere da rakshar Mujtaba mai shan fetur, mita ɗari huɗu a bakin tur'ar da ke kai ruwa gonaki. In ya ci, a bar masa injin. In ya faɗi, a kwance motar a gaban jama'a.

Kullum yakan fita gwaji da matarsa Barakatu. Shi yana gaba yana duban sama, ita tana baya a hankali, hannunta bisa murfin motar. Sai ya tsayar da ita a ƙarshen hanya, ya damƙa mata agogon awo, ya bayyana hukuncinsa kafin ya tafi.

"Yau iska ta yi sanyi, ta yi nauyi, ƙasa kuma ta bushe, taya za ta yi santsi. Sakan talatin da huɗu."

Ya danna oda, ya taso, ya wuce ta.

"Nawa, Hajja?"

"Talatin da huɗu, Ustaz."

Ko sau ɗaya agogon bai ƙaryata shi ba. Ya cika littafi guda da wannan shaida, har ya kai ga ƙa'ida: da tsakar rana zafi na sa iska ta yi sakayau. Injin fetur numfashi yake yi, zai shaƙe; nasa ba ya numfashi, sai dai ya samu sauƙin ratsawa. In aka yayyafa wa laka ruwa kaɗan, taya za ta kama. Sakan ashirin da tara, in ji lissafi.

Saboda haka ya kafe sai a yi tseren bayan sallar Juma'a.

"Ya Ustaz, ko cikin tanda ka ce, na yarda," in ji Mujtaba yana dariya. "Ka dai roƙi iskar taka kada ta makara."

Ranar ta zo yadda Ustaz ya so. Zafi kamar ya fasa kai, ganye ko motsi ba ya yi, shi da kansa ya yayyafa ruwan. Aka ɗaga rawani, aka sauke.

Kafin ya kai rabi, Mujtaba ya riga ya sauka yana karkaɗe jallabiya. Da Ustaz ya iso, 'yan ƙungiya har sun fara fito da sifana.

Ya ratsa taron, ya nufi Barakatu. Iska daidai, ƙasa daidai, to ina kuskuren yake?

"Nawa, Hajja?"

"Ashirin da tara," ta ce, muryarta can ƙasa, fuskarta na kallon gefen kafaɗarsa.

Ya kama hannunta. Agogon a kife yake, fuskarsa na cikin tafinta. Ya ɗaga kai, ya tsaya a kan idanunta, ya ga farar yanar da ta rufe su duka biyu.

"Barakatu, yaushe rabonki da ganin allurar agogon nan?"

"Tun tsinkar audugar bara, Ustaz. Abin da ka faɗa nake mayar maka."