Darasin Farko a Masana'anta

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe," na ce wa manaja.

So yake in fito a gajeren bidiyon koyar da sababbin ma'aikata, in ce sakacin abokiyar aikina ne ya sa inji ya datse mata yatsu. Alhali injin ne ya lalace.

Ya yi murmushi. "'Yar boko, ko kin ƙi sai kin fito."

Masu gadi suka ja ni waje. Ko hawaye ban yi ba.

Ranar da ƙanwata ta fara aiki can, ta dawo ta kasa kallona.

"Yaya, bidiyon korarki aka fara nuna mana. Har dariya aka yi."

Na rasa aikina, kuma da fuskata ake koya wa ƙanwata yin shiru.