Sabulun Yaya

"Yaya, ni me ya sa sabulun nan bai karɓe ni ba?"

Yaya na tsaye a ƙofar banɗaki, tana kallon ƙanwarta gaban madubi tana dirzar kumatu, har kumfar ta yi ja-ja da jini.

Bara Yaya ce a gaban madubin nan. Duk wata, al'ada na ƙaratowa, ƙuraje su yi mata dandazo a haɓa, har ta daina ɗaga kai a wurin aiki. Ta shafa na shafawa, ta sha na sha, a banza. Daga ƙarshe likitar fata ta ce matsalar daga ciki take, ta rubuta mata ƙwayar tsarin iyali. Ita budurwa, a gidan da ko sunan ƙwayar ba a kamawa. Ta cusa ta cikin safa a ƙasan akwati.

Fuska ta yi sumul. Ranar da Mama ta tambayi sirrin, bakinta ya kama sunan sabulun da ta fara hangowa a kan taga. Yanzu kwali-kwali Mama ke sayowa.

"Ko ban dirza sosai ba ne?"

Mama na falo tana ninke wanki, kunne kamar na zomo. Ƙanwar kuwa cikinta ba ya riƙe magana. Ƙanwar ta juyo, idonta cike da yarda.

"A hankali," Yaya ta ce. "Ki ba shi lokaci."

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta sake ɗaukar sabulun.