Aska a Hannun Baba

Askar tana tafe tana rawa tun kafin ta iso wuyan Dogo, shi kuwa ya miƙe ƙafa a kujera kamar wanda ya zo shan iska.

Tsohon mai askin sharaɗinsa ɗaya ne: duk mai son auren autarsa, sai ya zauna shi tsohon ya yi masa gyaran fuska da hannunsa. Samari uku sun riga Dogo zuwa. Na farko yana ganin yadda hannun ke karkarwa ya tuna ya bar ruwa a wuta. Na biyu ya fita da kumfa a haɓa. Na uku kuwa har yau takalminsa ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin benci.

Dogo malamin makaranta ne, kuma matsoraci na bugawa a jarida, ko allura za a yi masa sai an riƙe shi. Amma yana son Auta kamar ransa, ga shi ya shigo da sirrinsa. Jiya ta ja shi gefe ta raɗa masa:

"Rawar hannun nan duk wasa ce, gwada ku yake yi. Kai dai ka zauna, kar ka motsa."

Shi ya sa da tsoho ya ɗauko kwanon kumfa rabi ya zube a ƙasa, Dogo ya ce a ransa, kai, dattijon nan ya iya. Ƙurar da ya kakkaɓe daga kujera kafin ya zauna ba ta dame shi ba. Ya hango mahaifiyar Auta ta madubi, tana tsaye a bakin ƙofa da auduga a hannu, leɓenta na motsi. Ashe har Mama an ba ta nata aikin a wasan! Da ƙyar ya danne dariya.

Aska ta sauka a kumatu, ta yi tsalle, ta dawo. Ta gangara ƙarƙashin kunne tana kyarma. Da ta doshi maƙogwaro, telan da ke maƙwabtaka, wanda ya leƙo kallo, ya dafe kai ya koma shagonsa.

"Baba," in ji Dogo, "a ɗan ƙara bin nan gefen."

Tsoho ya tsaya ya dube shi, idonsa ya ciko. Ya ƙarasa aikin da yanka guda ƙarami a haɓa, ya ajiye aska da hannu biyu.

"Rabon da wani ya zauna min har ƙarshe, na manta," ya ce. "Yaro, na ba ka ita."

Dogo ya fito yana taku ɗai-ɗai. Auta ta tare shi a bayan shago, ta karɓi audugar uwarta tana goge masa haɓa. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Gaskiya Baba ɗan wasa ne," ya ce. "Wallahi kamar gaske!"

"Wane wasa?" in ji Auta. "Shekara huɗu ke nan da likita ya hana shi taɓa aska. Da na gaya maka gaskiya, ai da yanzu takalminka yana kusa da na wancan."