Tokar Bayan Masana'anta

A shekarun mulkin soja na Inƙaz an yi wata magana da ta cika unguwar Hausawa a garin Gadarif: wai Ustaza Amal, jami'ar kula da muhalli, ta hana mata ɗibar toka a bayan masana'antar man riɗi ne don kawai ba ta ƙaunar Hausawa.

Ba wanda abin ya ƙona wa rai kamar Atika. Tuwon dawa take sayar wa masu yankan riɗi, kuma sirrin miyar kuɓewarta ruwan toka ne. Tun zamanin kakanni an san tokar karan riɗi ta fi kowace. To ga ta nan tuli, kyauta, da laushi kamar gari, tun da aka sa wa bututun masana'antar abin tace hayaƙi. Kwatsam sai aka zagaye wurin da waya.

Amma Atika ba ta cika yarda da "an ce" ba. Ta yafa mayafi, sai ofishin Amal.

"Ustaza, me muka tare miki? Toka ce fa, ba zinariya ba."

"Hajja, taso mu je ki gani," in ji Amal. "In ƙarya nake, ki zage ni a tsakiyar kasuwa."

Ta kai ta har bakin murhun masana'antar. Karan riɗi kam akwai, ɗan kaɗan a gefe. Sauran abin da ake turawa wuta tsofaffin tayoyin tarakta ne, da baƙin man inji, da jarkokin maganin feshin gona.

"Abin da ake tacewa don kada ya shiga ƙirjinku, shi kuke jiƙawa ku zuba a miya," in ji Amal. "Doka ta ce a binne shi. Mai wurin ya ga watsa shi bayan katanga ya fi masa sauƙi."

Atika ta juya ta tafi. Tana isa gida ta fasa tukunyar da take tace toka, ta wuce wurin ƙanwarta Lami, wadda ita ma da tokar take girki.

Lami ta kwashe da dariya. "Yaya, ke ma ta shanye ki? Inna da toka ta raine mu, ga mu garau."

"Inna taya ta ƙona miki? Na gani da idona, Lami. Don Allah ki bari."

"Halas, shi ke nan, na ji."

Ba ta ji ba. Ta ci gaba da zura kwano ta ƙarƙashin waya. Kafin a gama sussukar dawa ƙafafunta sun kumbura, fitsari ya ɗauke. A asibiti aka ce ƙoda ce ta lalace. Lami ba ta ga damina ba.

Rahoton Amal ya sa aka rufe murhun, sai da masana'antar ta daina ƙona tayoyi da jarkoki, ta kuma gina ramin siminti na binne toka. Bayan an share makoki Atika ta ɗauki kwanon tuwo ta koma ofishin.

"Ci, 'yata. Tokar miyar nan ni na ƙona karanta a tsakar gidana." Ta tura wa Amal kwanon. "Da ba ki ja wayar nan ba, da ni da jikokina da bayin Allah masu cin tuwona duk muna hanyar da Lami ta bi. Mun zage ki, kin tsare mu. Allah ya saka miki da alheri."

Jama'a, ba don a ƙuntata wa talaka aka yi dokar dattin masana'anta ba. Kafin ku zagi mai hana ku, ku je ku ga abin da ake zubawa a wutar.

Amal ba ta ƙi Hausawa ba. Tokar ce guba.