Wanda Aka Binne a Babi na Ƙarshe

Yana tsaye gaban taron marubuta a Alƙahira, ana tafa masa, saƙon ya shigo wayarsa: an sako ƙanensa.

Shekaru ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da ƙanen ke ciki a hanyar Jibiya. Ya nema har ƙafa ta gaji, sannan ya zauna ya rubuta littafi a kan neman. Littafin ya kai shi ƙasashen da bai taɓa mafarkinsu ba, gidan rediyo kuma ya karanta shi babi-babi. A babi na ƙarshe ya yi wa ƙanen wanka, ya sa masa likkafani, ya binne shi da jimlolin da suka sa manyan marubuta hawaye.

Da ya dawo, ya tarar da ƙanen a zauren gidansu na Ƙofar Marusa, ya rame har riga ta yi masa yawa. Suka daɗe suna gaisawa kamar baƙi.

"Yaya, suna da rediyo a dajin," in ji ƙanen. "Da la'asar suke kunnawa, mu ma muna ji."

Marubucin ya zauna kusa da shi.

"Duk ranar da aka karanta kana nemana, sai in iya cin abinci. In ce wa kaina gobe za ka zo." Ya shafa sawun sarƙa a idon ƙafarsa. "Sai ranar jana'izata. Ta yi kyau wallahi, har masu gadinmu suka yi shiru. Tun daga ranar ban ƙara duban hanya ba."